Na ga hoto ɗaya sau biyu a takardar da aka ba ni bita: me ya kamata in yi?

Mai Bita:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Shawara nake nema a kan wani abu da ya hana ni barci kwana biyu. Wata mujalla ta aiko mini da takarda in yi mata bita kafin a buga. Binciken a kan ƙwayoyin halitta ne da aka zuba wa wani sinadari, aka ɗauki hotonsu da madubin ƙara girma. A hoto na uku an ce ga ƙwayoyin kafin a zuba sinadarin, a hoto na biyar kuma an ce ga su bayan awa 48. Da na ƙura ido sai na ga wani ɗan tabo mai kama da ƙugiya a kusurwar hagu ta hoto na uku, kuma ga shi nan a na biyar, sai dai ya koma dama. Na juya hoton a kwamfuta na ɗora ɗaya a kan ɗaya, suka hau juna daram. Hoto ɗaya ne aka juya aka ƙara masa haske.

Mujallar tana ɓoye sunayen marubuta, amma daga ayyukan da suka yi ta ambata na kusan gane ɗakin binciken da abin ya fito. Shugabansa babba ne a fagenmu, ni kuwa ban daɗe da gama digiri na uku ba. Wata ƙawata ta ce in ce a ƙi bugawa kawai, in kawo wasu dalilai, in yi shiru a kan hoton. Wani kuma ya ce in ɗora hotunan a PubPeer, shafin intanet da ake tattauna takardun bincike, duniya ta gani. Zuciyata ba ta kwanta da ko ɗaya ba.

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam Malama. Zuciyarki ta faɗa miki gaskiya, duka shawarwarin biyu ba su yi ba.

Takardar nan amana ce a hannunki. Ba a buga ta ba, ba taki ba ce, an ba ki ita ne a asirce. In kin fitar da hotunan waje kin karya amanar, kuma maganar za ta tashi daga kan hoton ta dawo kanki. PubPeer wuri ne na abin da aka riga aka buga, kowa yana iya gani. Shawarar ƙawarki kuwa ta fi haɗari, domin in aka ƙi takardar ba tare da an faɗi dalilin gaskiya ba, mako mai zuwa za ta sauka a wata mujallar da hotunanta yadda suke, kuma mai bitar can ba lallai ya ga tabon ba.

Ki rubuta wa edita a gurbin da shi kaɗai yake gani. Ki faɗi abin da idonki ya gani: hoto kaza da hoto kaza, in an juya ɗaya suna hawa juna, ga shaida. Kada ki sa kalmar ha'inci ko ƙage, kada ki ambaci wanda kike zato. Kwamitin ladubban wallafa da ake kira COPE, wanda wasu editocin mujallun likitanci suka kafa a Birtaniya a 1997, ya tsara matakan: edita ya nemi bayani da ainihin hotuna daga marubuta, in bai gamsu ba ya kai maganar jami'arsu, domin ita ce take da ikon buɗe kwamfuta da littafin ɗakin bincike. Daga can ba aikinki ba ne.

Ɗalibin Digiri na Uku:
Ranka ya daɗe Farfesa, a takarda tsarin yana da kyau. Amma editoci nawa ne suke bin sa? Ni fa na fara cire rai da bitar nan gaba ɗaya. Takardar likitan nan Andrew Wakefield a kan rigakafin yara ta wuce ta hannun masu bita a mujallar The Lancet a 1998, ta zauna har 2010 kafin a janye ta. Takardun Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu biyu sun fito a mujallar Science a 2004 da 2005, daga baya aka gano ƙwayoyin halittar da ya ce ya samar ba a samar da su ba. Waɗannan manyan mujallun duniya ke nan. In can abin ya wuce, to mene ne amfanin wahalar da Malama take sha kyauta?

Likitan Yara:
Ɗan'uwa ka taɓo inda yake mini ciwo. Takardar Wakefield yara 12 ne kacal a cikinta, amma da ita aka danganta rigakafin ƙyanda da larurar galahanga, iyaye da yawa suka daina kai 'ya'yansu, ƙyanda ta dawo inda aka yi zaton an raba hanya da ita. An janye takardar a Fabrairun 2010, an soke lasisin mutumin a Mayun shekarar, amma har gobe akwai uwar da za ta zauna gabanka tana jin tsoron allura saboda abin da ta ji. Janye takarda ba ya janye tsoron da ya riga ya shiga zuciya. Kuma wanda ya tono asirin ɗan jarida ne, Brian Deer, wanda ya bi diddigin bayanan yaran da kuɗin da lauyoyi suka biya mutumin bai bayyana ba.

Sai dai ni wannan ne ma ya sa nake ganin abin da Malama ta gani yana da nauyi. Tana tsaye ne a inda ake iya tsayar da abu kafin ya fita.

Mai Lissafi:
Bari in ɗan gyara wa ɗalibinmu, domin ana ɗora wa bita kayan da ba nata ba. Mai bita ba ya shiga ɗakin bincike, ba ya ganin ɗanyen bayanai, abin da marubuci ya zaɓa ya nuna shi kaɗai yake gani. Aikinsa shi ne ya tambaya: in abin da suka ce sun yi sun yi shi, shin hanyar ta dace, kuma shin sakamakon ya ɗauki hukuncin da suka ɗora masa? Wannan "in" ɗin a kan yarda aka gina shi. Maƙaryacin da ya iya tsara lambobi zai wuce sumul, domin ya san abin da mai bita yake son gani.

Ko kuskuren da ba na ganganci ba ma, ba duka ake kamawa ba. Editocin mujallar likitanci ta BMJ sun taɓa gwadawa, suka saka kurakurai 8 da gangan a cikin wata takarda suka aika wa masu bita. Sakamakon da suka buga a 1998 ya nuna kusan biyu kowa yake kamawa in an raba daidai.

Wa yake kama masu ƙage? Yawanci masu komawa kan bayanan da kansu. Ku dubi Yoshitaka Fujii, likitan sa barci a Japan. Tun a 2000 wasu likitoci suka rubuta wa mujalla cewa alƙalumansa sun yi kyau fiye da kima, ba a yi komai ba. Sai a 2012 John Carlisle, wani likitan sa barci a Ingila, ya tattara gwaje-gwajensa 168 ya duba shekaru da nauyi da tsawon marasa lafiyar da ya ce ya raba gida-gida ta hanyar ƙuri'a. Ƙuri'a tana da irin tata warwatsuwar, lambobin Fujii kuwa ba su da ita. A shekarar kwamitin ƙungiyar likitocin sa barci ta Japan ya ce takardu 172 ƙagaggu ne. Kowace ɗaya a cikinsu mai bita ya karanta ta ita kaɗai, ita kaɗai kuma ba ta da alamar komai.

Game da hotuna, Malama, ki san ba ke kaɗai ba ce. Elisabeth Bik da abokan aikinta sun duba takardu 20,621 da ido, suka buga a 2016 cewa kashi 3.8 cikin ɗari suna da hoton da aka maimaita ba bisa ƙa'ida ba, kuma aƙalla rabin waɗannan suna da alamar da gangan aka yi. Wato akwai kaso babba da zai iya zama ruɗewar fayil. Shi ya sa nake tare da Farfesa: ki bayyana abin da kika gani, ki bar niyya.

Ɗalibin Digiri na Uku:
Na karɓi gyaran, Dakta. Amma to me ya sa ake faɗa wa jama'a "an yi wa takardar nan bita" kamar an buga mata hatimin gaskiya?

Mai Lissafi:
Wannan laifinmu ne, mu ne ba mu bayyana wa mutane iyakarta ba. Ka tuna takardar kamfanin Surgisphere a The Lancet a Mayun 2020, wadda ta ce ta tattara bayanan masu korona kusan 96,000 daga asibitoci 671. Saboda ita Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin hydroxychloroquine da takardar ta yi magana a kai. Masu karatu ne suka lura cewa mace-macen da aka ce an samu a asibitocin Ostareliya sun fi abin da ƙasar gaba ɗaya ta sanar a lokacin. Da aka ce kamfanin ya kawo bayanan a tantance ya ƙi, cikin kusan mako biyu aka janye takardar. Manyan likitoci sun sa sunansu a kan bayanan da ba su taɓa gani da idonsu ba.

Ma'aikaciyar Laburare:
Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangaren, tunda kullum shi nake fama da shi a teburina. Ku kuna maganar mujallar da take da mai bita irin Malama. Akwai dubbai da ba su da kowa. A 2013 John Bohannon ya ƙirƙiri takardar bogi a kan maganin ciwon daji, ya cika ta da kurakuran da ɗalibin ajin farko zai gani, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi daga marubuci. Guda 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. A 2019 kotu a Amurka ta yanke wa kamfanin wallafa mujallu na OMICS biyan fiye da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta a kan bita da kuɗin bugawa.

Sannan akwai masu shiga ta cikin gida. Mujallu da yawa suna cewa marubuci ya ba da sunayen waɗanda yake ganin sun dace su yi bita. Wani mai bincike a Koriya ta Kudu, Hyung-In Moon, ya riƙa ba da sunaye da adireshin imel da shi yake riƙe da su, yana yi wa kansa bita. Abin da ya tona shi a 2012 shi ne rahotannin suna dawowa cikin awa 24, dukkansu yabo. A 2017 kamfanin wallafa na Springer ya janye takardu 107 a tashi ɗaya daga mujallar Tumor Biology saboda bitar bogi. A 2023 kuwa takardun da aka janye a duniya sun haura 10,000, fiye da 8,000 daga mujallun kamfanin Hindawi, wanda kamfanin Wiley ya saya a 2021. Yawancinsu ta fitowa ta musamman suka shiga, inda ake miƙa wa baƙon edita ragama ba mai duba bayansa. Kamfanoni ne sukutum suke ƙera takardu suna sayar da gurbin suna.

Amma in faɗi wani abu da yake damuna. Jerin mujallun cin amana da Jeffrey Beall ya riƙa fitarwa har ya sauke shi a 2017 ya taimaki mutane da yawa, na yi amfani da shi. Sai dai ya sa wasu sun koma yi wa duk ƙaramar mujalla kallon ɓarauniya. Na san mujallun da malamai uku ko huɗu suke riƙe da su ba albashi, suna yin bita ta haƙiƙa. Ƙanƙanta daban, ha'inci daban.

Ɗalibin Digiri na Uku:
Tunda an buɗe, bari in faɗi nawa. Takardata ta farko ni na yi gwaje-gwajen, ni na rubuta. Ranar da za a aika, mai duba aikina ya ce in ƙara sunayen mutum biyu. Ɗaya bai taɓa karanta ta ba, yana neman ƙarin girma ne, ana ƙirga masa yawan takardu. Na ƙara, domin wanda ya ce in ƙara shi zai sa hannu a kundina. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Muddin ƙirgen takardu ne ma'aunin ƙarin girma, masu sayar da gurbin suna ba za su rasa ciniki ba.

Tsohon Edita:
Ɗana, ban ga laifinka ba, laifin yana kan wanda ya matsa maka. Amma ina so ka san ƙa'idar don ranar da kai ne babba. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya sa sharuɗɗa huɗu, kuma sai an cika su duka: mutum ya sa hannu sosai a tsara binciken ko tattara bayanai ko fassara su, ya rubuta ko ya yi gyara mai ma'ana, ya amince da rubutun ƙarshe, sannan ya yarda zai amsa tambaya a kan aikin in an zo bincike. Na huɗun nan shi mutane suke mantawa. Mai karɓar kyautar suna yana ganin riba ya ci, bai san lamuni ya tsaya ba. Gerald Schatten na Jami'ar Pittsburgh shi ne babban marubuci a takardar Hwang ta 2005. Da abin ya fashe ya nemi a cire sunansa. Kwamitin jami'arsa bai same shi da ƙaga bayanai ba, amma ya ce ya kasa sauke nauyin tantance aikin da ya sa wa suna.

A kan ƙirge kuwa ina tare da kai. Sanarwar San Francisco ta 2012 ta roƙi jami'o'i su daina auna mutum da darajar mujallar da ya buga a ciki, su karanta aikin kansa. Da yawa sun sa hannu. Karatun ne har yanzu ba a cika yi ba, don ƙirge ya fi sauƙi.

Mai Bita:
Na gode ƙwarai, na rubuta wa editan yadda Farfesa ya ce. Amma akwai abin da ban faɗa ba, kuma shi ne ya fi damuna. In an bi diddigi, na san wanda za a nuna: ɗalibin da ya haɗa hotunan. Babban zai ce bai sani ba. Ina tsoron in zama sanadin korar wani yaro wanda wataƙila matsa masa aka yi ya kawo sakamako.

Likitan Yara:
Tausayinki a wurinsa yake, Malama. Amma ki duba ta ɗaya gefen. In takardar ta fita, wani ɗalibin a wani wuri zai ɓata shekara biyu yana ƙoƙarin maimaita sakamakon da babu shi, ya riƙa zaton shi ne bai iya ba. Shi ma yaron wani ne. Kuma shi wanda kike tausaya wa, gara a tsayar da shi yanzu da ba a buga ba, da a janye masa takarda bayan shekara biyar sunansa yana kai.

Mai Lissafi:
Kuma ba kullum ƙarami ne mai laifi ba. Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg a Holan shi yake ƙirƙirar lambobi ya miƙa wa ɗalibansa, ya ce ya tattaro musu daga makarantu. Matasan masu bincike uku ne suka kai ƙararsa a 2011 bayan sun daɗe suna lura. An janye masa takardu 58, kuma kwamitocin da suka yi binciken ba su ɗora wa ɗaliban laifin ƙagen ba, ko da yake kundayen wasunsu sun ginu a kan bayanan bogi. Abin da yake kare ƙarami shi ne bincike na gaskiya, wanda zai duba wa ya ɗauki hoto, yaushe, wa ya ga asalinsa, wa ya ce a aika.

Mai Bita:
Ga inda aka kwana. Bayan kwana tara editan ya dawo mini. Marubutan sun ce kuskure ne wajen haɗa hotuna, wani ɗalibi ne ya ɗauki fayil ba daidai ba, sun ba da haƙuri, sun aiko da sabon hoto na biyar. Ba su aiko da asalin fayil ɗin ba. Editan yana tambayata ko na gamsu a ci gaba.

Ɗalibin Digiri na Uku:
Kun gani ko? Ɗalibin dai.

Tsohon Edita:
Kada mu yi saurin yanke hukunci, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Kuskure yana faruwa, kuma wanda ya amsa kuskurensa ya gyara ba a wulaƙanta shi, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ni da kaina na taɓa buga gyara a kan jadawalin da na juya ginshiƙansa biyu. Amma Malama, ni a wurinki ba zan ce na gamsu ba tukuna.

Mai Lissafi:
Nima haka. Ruɗewar fayil tana ba da hoto ɗaya sau biyu yadda yake. Ba ta juya shi hagu zuwa dama, ba ta ƙara masa haske, waɗannan sai hannu ya taɓa. Yana yiwuwa akwai bayani, amma ba su kawo shi ba. Kuma sabon hoton ba ya tabbatar da komai, tunda ba mu san daga wane gwaji ya fito ba. Ki nemi asalin fayilolin da madubin ya fitar na duk hotunan takardar, da ranakun da aka ɗauke su, da lambobin da aka zana jadawalin da ke ƙarƙashin hoto na biyar da su. In ƙwayoyin da aka ƙirga daga wancan hoton aka ƙirga su, to jadawalin ma ya shiga ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne, Journal of Cell Biology tun 2002 take duba hotunan duk takardar da ta karɓa kafin ta buga, tana neman asali in ta ga abin tambaya. Wanda ya yi gwajin da gaske, turo fayilolin aikin yini ɗaya ne a wurinsa.

Ma'aikaciyar Laburare:
Ƙari ɗaya Malama. Kin ce kin kusan gane su. In akwai wata alaƙa tsakaninku, ko gasa a kan aiki iri ɗaya, ko wani gurbi da kike nema a wurinsu, ki faɗa wa editan yanzu, shi ya yanke ko ki ci gaba. Gara ya ji daga bakinki.

Mai Bita:
Babu gasa tsakaninmu, amma na taɓa neman aiki a ɗakin binciken da nake zato shekara biyu da suka wuce, ban samu ba. Ban ma kawo shi a raina ba sai da kika faɗa, Malama. Zan sa shi a farkon wasiƙar, in ce in yana ganin ya fi dacewa wani ya duba fayilolin, ba ni da ja. Sannan in ce bayanin bai amsa juyawar hoton da ƙarin hasken ba, in jera abin da Dakta ya lissafa, in roƙi a dakatar da hukunci har su iso. Daren nan zan aika. Farfesa, in sun ce fayilolin sun ɓata fa, tunda shi ne abin da nake jin za su ce?

Tsohon Edita:
To sai ki gaya wa editan cewa ba za ki iya ba da shawarar bugawa ba, ki kuma roƙe shi ya sanar da jami'arsu a rubuce kafin ya rufe fayil ɗin. Ki ajiye kwafin wasiƙunki duka da ranakunsu. In kika ga takardar ta fito a wata mujalla da hotunan nan, a ranar ta zama abin da kowa yake iya gani, sai ki rubuta wa editan can, ki nuna masa tabon da ke cikin abin da ya buga.